Ƙarar Safar Tomeji

Tsofaffin garinmu har gobe in hira ta kai su ga besbol, wasan nan na jifan ƙwallo da bugunta da gora, sai sun taɓo wasan watan Satumban 1967, ranar da muka ci baƙi ɗaya da nema da rana tsaka. Kowa da kujerar da ya ce ya zauna, kowa da abin da ya ce ya gani da idonsa, har waɗanda na san a lokacin suna bakin aiki a tashar jiragen ruwa. Sunan da ba za ka taɓa ji a bakinsu ba shi ne Ebisawa Tomeji. Ban ga laifinsu ba, domin shi kansa bai ga wasan ba, alhali yana cikin filin tun ƙarfe tara na safe.

A ƙarƙashin kujerun 'yan kallo na ɓangaren hagu akwai wani dogon ɗaki inda masu jifa ke motsa hannu kafin a kira su fili. Siminti ne sama da ƙasa, rufin ya sauko sosai, dogon mutum sai ya sunkuya a bakin ƙofa. Taga ɗaya ce a can sama, daidai da doron ƙasar fili, ba ta nuna maka komai sai takalman masu gyaran ciyawa. Da zafi ɗakin warin gumi da man zafi yake, in an yi ruwa magudana ta ƙara nata. Mai jifa kuwa ba ya jifan iska, dole a sami wanda zai tsuguna a ɗaya ƙarshen ya yi ta cafke ƙwallo yana mayarwa. 'Yan wasa bango suke kiran mai wannan aikin, kuma ba da niyyar zagi suke faɗa ba, abin da ya fi ɓata min rai ke nan. A shekarar da nake ba da labari Tomeji ya yi shekara goma sha ɗaya yana bango.

Ɗan mai awara ne daga wani ƙauye na arewa, inda dusar ƙanƙara ke toshe ƙofa wata huɗu. A sakandare ya haɗu da Kurumada Isao, wanda ya girme shi da aji biyu, dogo mai faɗin kafaɗa, duk lardin an san jifansa. Tomeji ne kaɗai a cikin ɗalibai ke iya tsugunawa gabansa bai runtse ido ba. Da ƙungiyarmu ta ɗauki Kurumada, bayan shekara biyu ya sa baki aka ɗauko Tomeji. Shekara uku ya yi cikin 'yan ajiya, ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba ko da kuskure. Cafka dai ya iya, amma in ka miƙa masa gora ka ce ya buga, sai ka ɗauka ƙudaje yake kora. Ranar da aka ce ya haɗa kayansa, Kurumada ne ya sa kwat ya je ofis ya sunkuyar da kai gaban manya har suka yarda a bar shi a ɗakin ƙasa. Shi ne kuma ya nemo masa Fusae, ya tsaya masa a matsayin mai shiga tsakani ranar biki, shi ya zaɓa wa 'yarsu suna Sayo. A wurinmu mutumin da ya yi maka waɗannan, ko a mafarki ka yi musu da shi sai ka tashi da kunya. Tomeji Yaya yake ce masa, kuma bai taɓa riga shi shiga ƙofa ba.

Aikin bango ba cafka ba ce kawai, ko da yake ba wanda zai rubuta maka haka a takarda. Ainihin aikin ƙara ce. Mai jifa komai girman jikinsa zuciyarsa ba ta da kauri. In ya saki ƙwallo ya ji ta faɗa cikin safar hannun mai cafka luf, sai ya fara zargin hannunsa, ya shiga fili da tsoro a ciki. Tomeji ya gano haka da wuri. Duk sabuwar safar fata da aka ba shi sai ya kai ta gida, ya farke ɗinkin da reza, ya zare audugar da ke kare tafin hannu ya bar ɗan kaɗan, ya mayar ya ɗinke, ya shafe ta da mai, ya yi ta dukanta da kwalba har sati biyu. Sannan ba ya jiran ƙwallo, tarar ta yake yi, ya turo hannu gaba daidai lokacin da za ta iso don ta sauka a gindin manuni. Ƙarar sai ta daki rufin simintin ta dawo kamar an sa wa itace gatari. Ya bi ta da ihun da kowane bango ke yi, wato "Ta yi kyau!" Ƙwallon sabon shiga mai rawar jiki ma in ta faɗa hannun Tomeji sai ta yi ƙarar ta gwani.

Manuninsa na hagu ya daɗe da mutuwa a tsaye. Fari fat yake, sanyi ƙalau ko a tsakiyar Agusta. Kullum in ya dawo Fusae sai ta ɗumama ruwa ta zuba a kwano ya tsoma hannun, ita kuma ta zauna tana yi masa tsiya, wai kowace mace an ba ta miji cikakke, ita nata an rage yatsa ɗaya.  Tomeji in ya faɗi kalma goma a wuni to an yi baƙi a gidan. Amma yana da abu ɗaya da ba wanda yake da shi a ƙungiyar, kuma a ransa yana ji da shi. Zai iya ruɗar kunnen kowa, tafin hannunsa kuwa ba ya yi masa ƙarya. Ya san nauyin ƙwallon kowane mai jifa, ya san wanda ya kwana da giya, ya san wanda kafaɗarsa ta fara ciwo tun mai ita bai yarda ba.

A farkon kakar wasan shekarar nan ƙwallon Kurumada ta fara isowa ba nauyi. Da can takan ture safa baya, yanzu sai ta zo ta kwanta. Shekararsa talatin da huɗu, ya ci wa ƙungiyar wasa ɗari da arba'in da 'yan kai, kuma a zamanin ba a san tausayin hannu ba, yau ka yi jifa zagaye tara gobe a ce ka fito ka ƙarasa na wani. Aka sauko da shi cikin masu jiran kira a ɗakin ƙasa, wai ya ɗan huta. A watan Yuli, ranar da ba wasa, ya ce wa Tomeji ya zo ya raka shi. Suka yi awa uku a jirgin ƙasa zuwa wani gari inda ba a san fuskarsa sosai ba, wurin wani likitan ƙashi. Tomeji yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da jaka, komai a kunnensa. Likitan ya lallatsa gwiwar hannun, ya duba hoto a gaban fitila, ya ce jijiyar da ke riƙe da ita saura ƙiris. Jifan motsa jiki ƙila ta jure. Amma in ya sake sakin ƙarfinsa duka a wasa na gaske za ta tsinke, in ta tsinke kuwa hannun ba zai ƙara miƙewa ba har ƙarshen ransa.

A hanyar dawowa Kurumada ya sayi shinkafar tasha akwati biyu, ya cinye tasa tas, ya daɗe yana kallon gonaki. Sai da suka kusa gari ya yi magana, bai ko juyo ba.

"Tome, me ka ji a can?"

"Ban ji komai ba, Yaya."

"Yawwa."

Daga ranar Tomeji ya ƙara zare auduga daga safarsa. Kullum da hantsi Kurumada zai tsaya ya yi jifa ashirin ko talatin, ƙwallo tana tahowa a gajiye, Tomeji yana mai da ita tsawa. Tausayi ne ya sa shi, ba wani abu ba. Ba zai iya ganin mutumin da duk lardi ke tsoro yana tsaye gaban matasa ƙwallonsa ba ta ko motsa ƙura ba. Ya gaya wa kansa ƙarar ai ta cikin ɗaki ce, za ta riƙe Yaya har ƙarshen kaka ya ajiye wasa da mutuncinsa. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne Onodera.

Onodera shi ne kocin masu jifa, tsoho ɗan sittin da ɗoriya. Idonsa ya yi rauni tuntuni, amma ya rantse ba zai sa tabarau gaban 'yan wasa ba. Sai ya ƙirƙiro wa kansa hanya: in yana son sanin ko mai jifa ya shirya, sai ya juya masa baya, ya fuskanci katanga, ya harɗe hannu a ƙugu, ya kasa kunne. 'Yan jarida suka ɗauki wannan girman kai suka mai da shi hikima, har da hotonsa ta ƙeya a shafin baya. Shi ma da ya karanta sai ya yarda. Tun tsakiyar Agusta ya fara gaya wa babban koci cewa Kurumada yana dawowa, shi ya ji da kunnensa.

Fusae ba daga bakin mijinta ta ji ba. Matar Kurumada ce ta tsare ta a gidan wanka ta ce mata mijinta da hannun hagu yake wanke fuska yanzu, kuma in ta tambaya sai ya daka mata tsawa. Washegari Tomeji yana ɗaura takalmi a bakin ƙofa, Fusae ta zo ta tsaya a kansa da ludayi a hannu.

"Baban Sayo, kai ka san abin da ke hannun mutumin nan."

Ya ci gaba da ɗaurin takalminsa.

"Da kai nake fa. Ko kunnen ma ya bi yatsan ne?"

"Ya ce ban ji ba."

"Ya ce, ya ce. In ya ce ka faɗa teku sai ka tambaye shi ta wane gefe? Ka je ka sami tsohon nan mai kallon katanga ka gaya masa. Minti ɗaya ne."

"Da wane bakin? Shinkafar da ke tukunyarki ma shi ya zuba ta."

"To ai shi ya sa. Wanda ya ciyar da kai za ka zuba wa ido ya nakasa?"

Ya ɗauki jakarsa ya fita. A cikin taragon da ke kai shi fili ya juya maganar ta kowace fuska, kuma ta kowace fuska a toshe take. In ya faɗa, ya karya umarnin Yaya, kuma za a sallami Kurumada Isao a kan maganar bango, kowa a ƙungiyar ya sani, abin kunyar da mutum irinsa ba zai ɗauka ba. In ya yi shiru kuma wata rana wayar nan baƙa da ke jikin katangar ɗakin za ta yi ƙara a ce a turo Kurumada fili. Sai ya zaɓi abin da irinsa ke zaɓa, ya zauna yana fatan kakar ta ƙare ba a kira ba. Saura wasa goma sha biyu a lokacin, kullum da safe yana rage ɗaya a ransa.

Ranar Lahadi ce, saura wasa bakwai. Baƙi suna saman teburi muna biye da su, filin ya cika har kan matakala. Wanda zai fara jifa Nitta ne, matashi ɗan ashirin da biyu mai hannu kamar bulala. Tomeji ya motsa shi, ya cika masa kunne da ƙara, ya ga fitarsa, aka rufe ƙofa. Daga nan wasan ta rufi yake iso masa kamar kullum: dukan ƙafafun mutum dubu talatin, ganguna, da 'yar rediyon Onodera da ke kan benci. Masu jiran kira uku ne, amma biyu an tatse hannunsu jiya Asabar da aka yi wasa biyu a jere, suna zaune da tawul mai zafi a kafaɗa. Na ukun Kurumada ne, yana can ƙarshen benci ya lumshe ido.

Zagaye biyar ba wanda ya ci. A na shida wani namu ya ɗaga ƙwallo can nesa, aka cafke ta, amma namu da ke kusurwa ta uku, ta ƙarshe kafin ci, ya sheƙo gida ya riga ta isowa. Rufin ya ɗauki rawa, ƙura ta zubo cikin shayin Onodera. Ɗaya da nema. Kowa a ɗakin ya tashi tsaye ban da Tomeji. Da biyar ne ko shida, ko mu ko su, da ba wanda zai damu da wanda aka sa. Ɗaya tak kuwa ba a barin ta a hannun wanda ba a yarda da shi ba. Tun da yake bai taɓa son wani abu kamar yadda ya so Nitta ya kai zagaye na tara da ƙafarsa ba.

A zagaye na takwas wayar ta yi ƙara. Bororon da ke yatsan Nitta na tsakiya ya fashe, har jini ya ɓata ƙwallo, kuma baƙi sun riga sun sa mutum ɗaya a kusurwa. Onodera ya ajiye waya ya ce Kurumada ya tashi ya motsa, da sauri. Kurumada ya zare tawul daga wuyansa, ya ninke shi huɗu, ya ajiye a kan benci, ya je ya tsaya a wurinsa.

Yana tsugunawa Tomeji ya ga ƙofa ɗaya da ta rage masa. Ba sai ya buɗe baki ba, ba sai ya karya umarni ba. Abin da zai yi kawai ya cafke ƙwallo da gaskiya, ya bar ta ta faɗa tsakanin babban yatsa da manuni inda fata ke haɗiye ƙara. Tsohon zai ji da kunnen da yake taƙama da shi, ya ɗaga waya ya ce a nemi wani. Onodera ya juya ya fuskanci katanga. Ƙwallo ta farko ta taho a hankali, har Tomeji yana ganin jan ɗinkinta yana juyawa. Bai san lokacin da hannunsa ya tafi ba. Ƙarar ta daki rufi, ya ji wata murya ta ce "Ta yi kyau!", sai daga baya ya gane tasa ce.

Ta biyu ya danne gwiwar hannunsa a kan cinya. Duk da haka a ƙiftawar ƙarshe wuyan hannun ya juya da kansa. Shekara goma sha ɗaya, sau ɗari biyu ko uku a rana, hannun ya daina neman izininsa. Ta uku, ta huɗu, ta biyar, gumi yana shiga masa ido, yana zagin hannunsa a zuci. A ta shida ya ci nasara. Ya ja safar baya, ƙwallo ta faɗa luf kamar an jefa ta cikin kwandon wanki. Ɗakin ya yi tsit. Masu tawul biyun nan suka ɗago kai. Onodera ya karkata kunne ɗaya. Kurumada ya tsaya cak da hannu a sake, yana kallon safar. Nan fa Tomeji ya kasa. Bai taɓa ganin Yaya a tsaye tsirara haka gaban mutane ba, kuma shi ne ya tuɓe shi. Ya mayar da ƙwallon da sauri, ta bakwai kuwa ya tare ta da duk ƙarfinsa, ta yi ƙarar da ta fi duk na ranar. Wannan kam ba hannu ba ne ya yi, shi ne.

Onodera ya juyo yana gyaɗa kai. Akwai tambayar da koci ke yi wa bango kafin a tura mutum fili, ta al'ada ce kawai, amsarta ɗaya ce tun da aka gina ɗakin.

"Bango, ya ka gani?"

Kurumada yana kallonsa ido cikin ido, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Shekara goma sha bakwai suna tare Tomeji bai taɓa ganin wannan kallon a fuskarsa ba, sai ya ɗauke shi gargaɗi.

"A shirye yake, Koci."

Kurumada ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya gyara hularsa, ya sunkuya a bakin ƙofa ya fita.

Da mai sanarwa ta kira sunansa sai da fitilar ɗakin ta yi lilo. Kafin nan Nitta ya ƙara barin mutum ɗaya, saboda haka biyu ne a kusurwa, an fitar da ɗaya tak cikin ukun da ke rufe zagaye. Mai bugun baƙi ya shigo yana jiran Kurumadan da ya sani, ya kai wa ƙwallo duka tun ba ta iso ba, ta gangara ƙasa, aka fitar da mutum biyu a lokaci guda. Zagaye na takwas ya ƙare. Onodera ya daki cinyarsa yana cewa shi dai ya faɗa, kunnensa bai taɓa ba shi kunya ba. Tomeji ya hau benci ya leƙa ta tagar nan, abin da bai yi ba tun shekararsa ta farko. Takalma ya gani da gindin tsintsiya.

Akwai sauran lokaci. Daga ɗakin zuwa bencin 'yan wasa taku talatin ne ta cikin lungu, sai dai bango ba ya taka wurin ana cikin wasa. Ya je har bakin ƙofa ya dafa ta. Ya juyo ya kalli wayar, wadda ba wanda ke ɗagawa sai koci. Ya kalli Onodera, taku biyu ne tsakaninsu. Yana nan tsaye tsakanin ukun har rediyo ta ce an shiga zagaye na tara.

Mai bugun baƙi na farko ya ɗaga ƙwallo sama aka cafke. Na biyu ya sami wuri ya tsaya a kusurwa ta biyu. Na uku ya gangara ta ƙasa aka fitar da shi. Saura mutum ɗaya, kuma gwanin bugun baƙi ne, shi kuwa ya riga ya gane ƙwallon ba ta da gudu, yana jiran ta a natse. Sau biyu ya buga ta fita gefe da ƙarfin da ya sa 'yan kallo yin ajiyar zuciya har ana ji a ƙasa. Sai mai rediyo ya ce Kurumada ya girgiza wa mai cafkarsa kai, ya sake girgizawa. Tomeji ya san abin da yake nema: jifan ƙarfi duka, wanda likita ya hana. Ya zare safar daga hannunsa ya zauna a ƙasan siminti.

Mai bugun ya kai duka ya sami iska, aka fitar da shi, wasa ya ƙare. Waɗanda suka gani sun ce ƙwallo ce irin ta shekara goma baya, kuma wannan kam na yarda da su. Filin ya tashi gaba ɗaya. Mai rediyo yana ihu har muryarsa ta dushe, yana cewa Kurumada ya durƙusa a tsakiyar fili, Kurumada ya kasa tashi don murna. Har yau haka tsofaffinmu ke ba da labarin, wai godiya ya durƙusa yana yi. Bayan minti goma aka wuce da shi ta lungun gaban ɗakin, ya rungume hannun dama da na hagu a ƙirji, fuskarsa kamar toka. Tomeji yana tsaye a bakin ƙofa. Kurumada bai dube shi ba.

Na uku muka ƙare a shekarar, ko kusa da kofin ba mu je ba. Hannun ya warke a lanƙwashe. Aka yi wa Kurumada bikin ban kwana, ya karɓi furanni da hagu, ya koma arewa ya zauna a shagon shinkafar surukansa. Tomeji ya koma ɗakin ƙasa ya ci gaba da farke safa da reza, don ba shi da wani aikin da ya sani, kuma sababbin masu jifa suna layin neman sa. Fusae ba ta ƙara tayar da maganar ba. Tana ɗumama ruwan kullum, amma ta daina yi masa tsiyar yatsa, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo. Kowace sabuwar shekara sukan hau jirgi su je gaida mai shiga tsakaninsu da ƙunshin busasshen kifi, yadda ya kamata. A yi hirar ƙanƙara, a yi ta karatun Sayo, a yi ta tsadar shinkafa. Shekara goma sha biyu ba wanda ya ambaci Lahadin nan.

A 1979 Onodera ya rasu. Kurumada ya sauko jana'iza, da aka watse da azahar ya ce zai biya gidan Tomeji, abin da bai taɓa yi ba tun ranar sunan Sayo. Fusae ta shimfiɗa masa matashi a wurin girma, ta kawo shayi, ta fita ta ja ƙofar takarda. Kurumada ya yi furfura, ya yi tumbi. Ya ɗauki kofin da hagu ya jima yana hurawa.

"Tsohon ya tafi yana ganin kunnensa bai taɓa kuskure ba," in ji shi.

Tomeji ya ce haka ne.

"Ƙwallo ta shida, Tome. Wadda ka bari ta faɗa shiru. Ka tuna?"

"Na tuna, Yaya."

"Da na ji ta sai na ce a raina, yau dai yaron nan zai fid da ni. Sai kuma ka zo ka fasa ɗaki da ta bakwai."

Tomeji ya ɗago ya dube shi. Kurumada bai ɗaga murya ba, kamar mai ba da labarin wani yake magana. Ya ce shi ba zai iya faɗa da bakinsa ba. Mutum dubu talatin a sama, babban koci ya kira, a ce Kurumada Isao ya ce hannunsa na ciwo? Ba a yin haka, ba a taɓa yi ba. Amma da bango ne ya faɗa, da sai ya zage shi tas, ya mare shi ma gaban kowa, sannan ya koma benci ya zauna da mutuncinsa.

"Da na yi shekara guda ba na amsa gaisuwarka, amma da hannuna biyu. Don me kake tsammani na tafi da kai wurin likita? Ban san hanya ba ne? Tun Yuli nake jiranka, kullum. Har da tsohon ya tambaye ka, sai da na tsare ka da ido ina roƙonka."

"Kai ka ce ban ji komai ba."

"Ai dole in ce haka. Me kake so in ce?"

Tomeji yana da shekara arba'in da huɗu a lokacin, kuma ran nan ne ya fara jin haushin mutumin nan, haushi na gaske. Maganganu suka taso masa a jere, irin waɗanda bai taɓa haɗawa ba. Kai ma da bakinka, Yaya. Hannunka ne, ba nawa ba. Ka ɗora wa wanda ka san ba zai iya ba, don ka san ba zai iya ba. Shekara goma sha biyu ina ɗauke da wannan ni kaɗai, ashe rabinsa naka ne. Ta jikin ƙofar takarda yana ganin inuwar Fusae a durƙushe, ko motsi ba ta yi, ya san jira take ta ji.

Ya sauka daga kan matashinsa, ya kafa tafukansa biyu a kan tabarma, ya sunkuya har goshinsa ya taɓa ƙasa.

"Ka gafarce ni, Yaya. Laifina ne."

Kurumada ya daɗe yana kallon ƙeyarsa, sannan ya ce masa abin ya wuce, ya ɗago kansa. Ya karɓi tuban kamar wanda aka miƙo wa abinsa, ya shanye shayinsa, ya tambayi ƙarfe nawa jirgin arewa ke tashi. Tomeji ya ce huɗu da rabi. Ya tashi ya ɗauko masa kwat, ya tsaya a bayansa ya riƙe hannun rigar na dama a buɗe har lanƙwasasshen hannun ya shige.